Kwafin zanukan allolin Girka da Rum: Tarihinsu, ire-irensu da rigimar da ake yi kan mallakarsu

A Gidan Adana Kayan Fasaha na Cleveland da ke Amurka akwai wani zanen fenti da Bafaranshe Jacques-Louis David ya kammala a 1817, wanda ke nuna Kiyufid, allan soyayya a almarar Rumawa, tare da Saiki, 'yar adam ɗin da ya aura a ɓoye. Zanen guda ɗaya ne tak a duniya. Amma tun watan Janairun 2019 gidan ya saki hotonsa a intanet kyauta, kowa na da izinin saukewa, ya buga, har ma ya sayar. Duk da haka, shagunan intanet na tallata kwafin irin waɗannan zanuka da kalmomi kamar "bugu mai iyaka" da "ingancin gidan tarihi", kuma farashin kan bambanta ƙwarai tsakanin wannan shago da wancan.

Kwafi ba baƙon abu ba ne ga waɗannan zanuka. Tun a zamanin masu zanen, yawancin mutane ta hanyar bugu a takarda suka san su. Matsalar da ke akwai ita ce kalmar "bugu" ta ƙunshi abubuwa mabambanta, daga takardar da ta shekara 200 zuwa wadda injin feshin tawada ya fitar jiya, kuma mai saye ba kullum ake gaya masa wanne ke hannunsa ba.

Mene ne salon Niyokilasik?

Niyokilasik suna ne da aka bai wa salon fasahar da ya mamaye Turai daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa farkon ƙarni na 19, wanda ya nemi komawa ga tafarkin Girkawa da Rumawan da. Abubuwa biyu suka rura shi. Na farko shi ne tono biranen Harkulaniyom a 1738 da Fomfei a 1748, waɗanda dutsen Besubiyos mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 miladiyya kusa da Naples ta Italiya. Na biyu kuma rubuce-rubucen masani Bajamushe Johann Joachim Winckelmann, musamman littafinsa na 1755 kan koyi da ayyukan Girkawa da na 1764 kan tarihin fasahar mutanen da.

Ana gane zanen wannan salo da tsabtar layi, da jikin mutane mai santsi kamar an sassaƙa shi da dutsen marmara, da tsari mai natsuwa wanda ba ya cika ado. Alamar buroshi ba ta fitowa sosai a kan fentin. Wannan siffa ce ta sa zanukan suka yi sauƙin juyawa zuwa bugu, domin abin da aka gina a kan layi ba ya rasa ƙashin bayansa idan aka cire masa launi.

Masu zanen 'yan Turai ne na zamanin Kiristanci, ba masu bautar allolin Girka ba. Sun ɗauki labaran ne a matsayin adabi da darasi kan yaƙi, biyayya, kishi da ƙaddara. Manyan tushensu su ne waƙoƙin Homa guda biyu, Iliyad da Odisi, da littafin sauye-sauyen halitta na Obid, mawaƙin Rum. Labarin Kiyufid da Saiki kuwa ya fito ne daga Afuliyos, marubucin ƙarni na 2 da aka haifa a Madauros, a ƙasar Aljeriya ta yanzu. Da yawa daga cikin zanukan na nuna tsiraici, bisa al'adar gumakan Girka da suke kwaikwayo.

Zanukan da aka fi kwafa

Gidan tarihi na Louvre da ke Paris ne ke riƙe da kaso mafi tsoka. A can ne zanen David na 1788 kan soyayyar Faris da Helen yake, wato auren da ya haddasa yaƙin Taroy. A can kuma ake samun "Barcin Endimiyon" na Anne-Louis Girodet na 1791, da "Saiki da Kiyufid" na François Gérard na 1798, da "Urora da Sefalos" na Pierre-Narcisse Guérin na 1810, da zanen Jean-Auguste-Dominique Ingres na 1808 da ke nuna Odifos yana warware kacici-kacicin dodon Sifinkis.

Wani zanen Ingres na 1811, inda Tetis ta durƙusa tana roƙon Jufita alfarma saboda ɗanta Akilis, yana gidan tarihi na Granet a garin Aix-en-Provence. Tsayinsa ya haura mita 3. Bai samu karɓuwa ba lokacin da ya aiko da shi daga Rum, ya ci gaba da zama a hannunsa har gwamnatin Faransa ta saye shi a 1834.

David, wanda ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da kashe Sarki Louis na 16 a 1793, ya yi gudun hijira zuwa Brussels a 1816 bayan dawowar sarauta. A can ya koma ga labaran almara gadan-gadan. Bayan zanen Cleveland, ya yi bankwanar Telemakos da Yukaris a 1818, wanda ke gidan tarihi na Getty a Los Angeles, da fushin Akilis a 1819, wanda ke gidan Kimbell a Texas. Babban aikinsa na ƙarshe, inda Binus ke kwance wa Mas ɗamarar yaƙi, ya kammala shi a 1824, shekara guda kafin mutuwarsa, kuma yana Brussels har yau.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare a shaguna. Duk zanen da ke da allahiya da ginshiƙin marmara sai a liƙa masa sunan Niyokilasik. "Haihuwar Binus" ta Botticelli an zana ta ne wajejen 1485, kusan ƙarni uku kafin wannan salo. Ta Alexandre Cabanel ta 1863 da ta William Bouguereau ta 1879 kuwa na salon makarantar fasaha ta Faransa ne da ya biyo baya. Shagon da ya kasa bambance waɗannan, da wuya bayaninsa kan takarda da tawada ya zama abin dogaro.

Yadda bugu ya yaɗa salon

Kafin zuwan kyamara, hanyar kwafin zane ita ce sassaƙa. Gwani zai zauna da farantin jan ƙarfe, ya yanke layuka da tsinin ƙarfe ko ya bari ruwan asid ya ci su, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman, sannan a matse takarda mai laima a kai da injin matsi. Babban faranti kan ci watanni, wani lokaci shekaru. Idan mai sassaƙar ya kwafi zanen yadda ya gan shi ba tare da juya shi ba, bugun kan fito a juye kamar a madubi, dama ta koma hagu.

Salon kansa da bugu ya fara yaɗuwa. Fadar Naples ta wallafa hotunan kayan da aka tono a Harkulaniyom cikin kundi 8 tsakanin 1757 da 1792. Da farko ba a sayar da kundayen, sarki ne ke bayar da su kyauta ga waɗanda ya zaɓa, amma ba a jima ba aka shiga kwaikwayonsu a wasu ƙasashe. Gavin Hamilton, ɗan Sikotlan da ke zaune a Rum, ya zana jerin manyan zanuka daga Iliyad, Domenico Cunego ya sassaƙa su tun daga 1764. Wasu daga cikin ainihin zanukan sun ɓace, bugun Cunego ne ya adana kamanninsu. A 1793 aka buga zanukan layi zalla da John Flaxman ya yi wa Iliyad da Odisi, waɗanda Tommaso Piroli ya sassaƙa a Rum, suka zama abin koyi ga masu zane a faɗin Turai, har da Ingres.

Babu wanda bugu ya ɗaukaka kamar Angelica Kauffman, 'yar asalin Suwizalan, ɗaya daga cikin mata biyu kacal da aka kafa Makarantar Fasaha ta Sarauta ta Landan da su a 1768. Francesco Bartolozzi da Thomas Burke da William Wynne Ryland sun juya zanukanta zuwa bugu ta dabarar ɗigo-ɗigo, wadda ke ba da inuwa mai laushi, sau da yawa da tawada ja ko ruwan ƙasa. Daga nan hotunan suka hau kan tangaran da mafici da kayan ɗaki. Ryland, wanda ya kasance mai sassaƙar Sarki George na 3, ya yi mummunan ƙarshe: an rataye shi a Landan a 1783 saboda ƙirƙiro takardar kuɗi ta jabu da sunan Kamfanin Gabashin Indiya.

Kuɗi ne ke tafiyar da harkar tun farko. Ingila ta kafa dokar kare haƙƙin masu sassaƙa a 1735, bayan fafutukar William Hogarth. Jan ƙarfe yana da laushi, yana cinyewa da yawan matsi, don haka takardun farko sun fi kaifi kuma sun fi tsada, musamman waɗanda aka ciro kafin a sassaƙa rubutu a ƙasan farantin. A Faransa an kafa ɗakin faranta na Louvre a 1797. Yana riƙe da faranti sama da 13,000, kuma har yanzu ana ciro sabbin bugu da hannu ana sayarwa.

Daga dutse zuwa feshin tawada

A 1796 Alois Senefelder ya ƙirƙiro bugun dutse a Munich, inda ake zana hoto da abu mai maiƙo a kan shimfiɗaɗɗen dutse, a dogara da ƙiyayyar mai da ruwa. Ya fi sassaƙa sauri da araha. Bayansa aka shiga amfani da farantin baƙin ƙarfe, wanda ke jure matsi sau dubbai. Kamfanin Goupil na Paris, wanda ya faro a 1829, ya mayar da kwafin zane babbar sana'a mai rassa a Landan da New York da wasu birane, daga baya ya koma ga dabarun da ke ɗora hoton kyamara a kan faranti. A 1883 kamfanin Braun ya samu kwantiragin zama mai ɗaukar hoton Louvre a hukumance. Daga nan mai sassaƙa da hannu ya fara rasa abin yi.

A ƙarni na 20 madaba'un zamani suka karɓi aikin, suna haɗa launuka daga tawada huɗu: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. Wannan ne bugun fosta da na kalanda. Sai a 1991 wani ma'aikacin bugu a California, Jack Duganne, ya ƙirƙiro kalmar giclée, ana furta ta "jikile", daga kalmar Faransanci mai nufin fesawa. Yana neman suna ne mai daɗin ji ga bugun injin feshin tawada samfurin Iris, irin wanda ɗakin bugun Nash Editions na mawaƙi Graham Nash ke amfani da shi. Tawadar farko ta rini ce, tana saurin kodewa. Daga baya aka samu tawada mai garin launi wadda ta fi jure haske, kuma manyan injuna na yau na aiki da launuka 8 zuwa 12.

Kalmar ba ta da ma'auni na doka. Babu hukumar da ke tantance wanda ya cancanci amfani da ita. Bugu a kan takardar auduga zalla da tawada mai garin launi ana kiransa giclée, haka ma bugu mai arha a kan kyalle mai roba.

Iri biyar da ke kasuwa

Na farko shi ne tsohon bugu na zamanin mai zanen ko kusa da shi, wanda aka ciro daga farantin da aka sassaƙa da hannu. Shi kayan tarihi ne a karan kansa, kuma darajarsa ta dogara da sunan mai sassaƙar, da kaifin bugun, da lafiyar takardar.

Na biyu shi ne sabon bugu daga tsohon faranti, kamar na ɗakin faranta na Louvre. Aikin hannu ne na gaske, amma takardar ta yau ce, kuma mai gaskiya zai faɗi hakan.

Na uku shi ne bugun madaba'a mai launi huɗu. Na huɗu shi ne bugun feshin tawada a kan takarda ko kyalle. Na biyar kuma ba bugu ba ne sam: kwafi ne da wani ya zana da fenti da hannu, sana'ar da unguwar Dafen ta birnin Shenzhen a Sin ta shahara da ita. Wasu kan haɗa biyu, su buga hoton a kyalle sannan su shafa fenti ko man ƙyalli a sama don ya yi kama da aikin buroshi.

Babu ko ɗaya daga cikin biyar ɗin da David ko Ingres ya taɓa da hannunsa, in ban da ƴan tsofaffin bugun da suka duba gwajinsu. Dokar haraji ta Faransa ta taƙaita sunan bugu na asali ga wanda aka ciro da adadi mai iyaka daga farantin da mai fasahar ya yi gaba ɗaya da hannunsa, ta cire duk wata dabara ta inji ko ta hoto. Jihohin New York da California na da dokokin da suka wajabta wa mai sayar da bugu masu yawa ya bayyana wa mai saye yadda aka yi su da adadinsu.

Yadda ake bambancewa

Gilashin ƙara girma mai ninki 10 ya isa ya warware yawancin shakku. A bugun sassaƙa, tawada kan ɗan taso a kan takarda, layukan na da kaifi, kuma akwai shatin gefen faranti da ya lotsa takardar a kewayen hoton. A ƙasa ana samun gajerun kalmomin Latin: pinx. na bin sunan wanda ya zana, sculp. na bin sunan wanda ya sassaƙa. Takardar ƙarni na 18 sau da yawa tana nuna siraran layuka da tambarin masana'anta idan aka ɗaga ta a haske. Sai dai ana iya ƙirƙirar shatin faranti na ƙarya, don haka ba ya zama hujja shi kaɗai. Bugun madaba'a na nuna ɗigogi a jere cikin tsari kamar ƙananan furanni, na feshin tawada kuwa ɗigoginsa ƙanana ne ƙwarai kuma a warwatse.

Girma ma na da lissafi. Bugu mai kyau na buƙatar kusan fiksel 300 a kowane inci. Hoton da faɗinsa ya kai fiksel 4,000 zai ba da bugu mai kaifi na kusan inci 13, wato santimita 34. Idan aka ja shi ya kai mita guda, fuskoki za su dushe. Haka kuma zanen da aka tilasta masa shiga firam ɗin da bai dace da fasalinsa ba, ko dai an datse gefensa ko an miƙe shi.

Lamba kamar 45/250 a ƙasan bugun feshi na zanen wanda ya mutu shekara 200 da suka wuce ba ta nuna ƙaranci. Iyakar ta shagon ce kawai, wani shagon zai iya sauke hoton nan ya buga dubu. Takardar shaidar da mai sayarwa ya rubuta wa kansa ba ta da nauyin da ya wuce amanarsa. Game da ajiya kuwa, gidajen tarihi kan nuna ayyukan takarda a haske mai rauni, kusan luks 50, domin hasken rana da laima ne manyan abokan gabarsu.

Wa ya mallaki hoton?

David ya mutu a 1825, Kauffman a 1807, Ingres a 1867. A yawancin ƙasashe haƙƙin mallaka na ƙarewa shekara 50 ko 70 bayan mutuwar mai aikin, kuma dokar Najeriya ta 2022 ta tsaya a kan 70. Don haka zanukan kansu sun daɗe da zama mallakar jama'a. Rigimar tana kan hoton da gidan tarihi ya ɗauka ne, wanda shi ne tushen kowane bugu na zamani.

A 1999 wata kotun tarayya a New York ta yanke hukunci a shari'ar Bridgeman da Corel cewa hoton da ya kwafi zanen da ya zama mallakar jama'a daidai-wa-daida ba shi da sabon haƙƙi, saboda babu ƙirƙira a cikinsa. A Jamus aka samu akasin haka a 2018, lokacin da babbar kotun tarayya ta bai wa gidan tarihi na Reiss-Engelhorn gaskiya a kan hotunan da aka ɗora a Wikimedia. Shekara guda bayan nan Tarayyar Turai ta zartar da umarni mai lamba 2019/790, wanda sashe na 14 nasa ya ce irin wannan kwafi ba shi da kariya sai in shi kansa aikin ƙirƙira ne, kuma Jamus ta shigar da hakan cikin dokarta a 2021. A Birtaniya, lauyoyi da dama sun fassara hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 2023 a shari'ar THJ da Sheridan a matsayin wanda ya kai ga matsaya irin wannan.

Italiya ta bi wata hanya daban. Dokarta ta kayan gado ta 2004 ta wajabta neman izini da biyan kuɗi kafin a yi kasuwanci da hoton kayan tarihin da ke hannun hukuma, komai tsufansu. A kan wannan ne gidan tarihi na Uffizi ya ɗauki matakin shari'a a 2022 kan kamfanin tufafi na Jean Paul Gaultier, saboda buga Binus ta Botticelli a jikin riguna.

Gidajen tarihin ma sun rabu. Rijksmuseum na Amsterdam ya buɗe hotunansa a 2012, Getty a 2013, Metropolitan na New York ya saki kusan 375,000 a Fabrairun 2017, sannan Cleveland a 2019. Louvre ya ɗora bayanan kaya sama da 480,000 a intanet a Maris ɗin 2021, amma kasuwanci da hotunan na bi ta hukumar gidajen tarihi ta Faransa ne, da biyan kuɗi. Masu goyon bayan karɓar kuɗi na cewa ɗaukar hoto mai inganci da kula da zanuka na cin dukiya. Masu adawa na cewa abin da ya riga ya zama na jama'a bai kamata a sake kulle shi ta ƙofar baya ba.

Tasirin wannan ga mai saye a fili yake. Bugun zanen Cleveland ko na Getty na iya fitowa daga babban hoto na asali wanda gidan ya saki da kansa. Bugu mai arha na zanen da aka tsare hotonsa kuwa, yana iya kasancewa daga ƙaramin hoton da aka tsinta a intanet ko aka kwafo daga littafi, launinsa ya riga ya karkace. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Kafin a biya kuɗi, tambayoyi huɗu sun wadatar: daga ina aka samo hoton, wace dabara aka bi wajen bugawa, wace takarda da tawada aka yi amfani da su, kuma a wace shekara aka buga. Mai sassaƙar ƙarni na 18 kan rubuta sunansa da na mai zanen a ƙasan farantinsa, kuma mai sayar da bugu na yau ba shi da dalilin ɓoye kwatankwacin wannan bayani.